Ciwon ƙanena ya tashi, 'yan sanda suka lakaɗa masa duka: in ya sake tashi wa za mu kira?

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 26 ne, ya yi shekara huɗu yana karɓar maganin taɓin hankali. Kwanakin baya ya daina shan maganin, ciwon ya motsa, ya ɗauki wuƙar kicin ya tsaya a tsakar gida yana cewa an turo mutane su kashe shi. Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Suka zo da bindigogi suna daka masa tsawa, da ya ƙi ajiye wuƙar suka rufe shi da kulki, suka danne shi rub-da-ciki, suka sa masa ankwa. Sai da ya kwana biyu a bayan kanta kafin mu karɓo shi mu kai asibiti. Me ya sa suke yi wa marar lafiya haka? Doka ta ba su dama? In ciwon ya sake tashi, mu kira su ko kada mu kira?

Amsa:

'Yar'uwa, sannunku da jinya, Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Kula da masu taɓin hankali a asibiti shi ne aikina shekara da shekaru, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sauke mana marar lafiya daga bayan motar sintiri, hannu a kumbure, baya duk shatar kulki. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda ita ce ke hana ki barci. Kada ku kira 'yan sanda don kawai ciwon ya tashi, ko don yana surutai, ko yana fashe-fashen kwanuka. Ku kira su idan rai na cikin haɗari kuma kun rasa yadda za ku janye mutane daga gabansa: ya ritsa wani a ɗaki, ya riƙe yaro, ya riga ya yanki wani, ko ya fita titi da makami yana bin jama'a. Ko a nan ɗin ma akwai yadda ake kiran, zan zo kansa. Amma sai kin fahimci abin da ya faru a tsakar gidanku ranar nan kafin shawarar ta yi miki amfani.

Horon ɗan sanda, a nan da ko'ina, a kan abu ɗaya aka gina shi: ya ba da umarni, a bi. In ba a bi ba ya ɗaga murya, in ba a bi ba ya sa hannu, daga hannu sai kulki, daga kulki sai bindiga. Wannan yana aiki a kan ɓarawo, domin ɓarawo yana da lissafi, ya san in ya ajiye wuƙa zai tsira da ransa. Wanda ciwo ya tasar wa ba ya cikin wannan lissafin. Kansa cike yake da muryoyi da firgici, maganar da ake yi masa tana isa gare shi ne kamar maganar da ake yi wa mutum a bakin injin niƙa: yana ganin baki na motsi, ya tsinci kalma ɗaya ya rasa uku. Ga kuma mutum huɗu suna masa tsawa lokaci guda, wannan na cewa "ajiye", wancan na cewa "kwanta", wani na cewa "ɗaga hannunka". Ko mai lafiya sai ya rikice. Su kuwa abin da suke gani taurin kai ne da raini, sai su hau mataki na gaba.

Ki tuna kuma abin da ƙanenki yake faɗa kafin su iso. Cewa yake an turo mutane su kashe shi. A wurinsa wannan ba zato ba ne, gaskiya ce da yake ji har cikin ƙashinsa. Sai ga mota ta ci burki a ƙofar gida, ga ƙarti sun shigo da bindigogi suna ihu. Me ya rage a tabbatar masa? Wuƙar da ke hannunsa ta kare kai ce, kuma a daidai lokacin da ake ce masa ya ajiye ta, a lokacin ne ya fi ganin yana buƙatarta. Yawancin marasa lafiyar da na gani sun ɗauki makami, tsoro ne ya sa su, ba niyyar cutar da wani ba. Duk abin da zai ƙara musu tsoro kuwa yana ƙara haɗari ga kowa, har da shi ɗan sandan.

Ba zan ce miki 'yan sanda ba su da hujjar jin tsoro ba. Wuƙa ba ta tambayar lafiyar mai riƙe da ita. A 1983 wani mai horar da 'yan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, kafin ɗan sanda ya zaro bindiga ya saita. Gwajin gaskiya ne. Abin takaicin shi ne darasin da da yawa suka ɗauka daga ciki, cewa duk mai wuƙar da ke kusa da kai haka, harbinsa ya halatta. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne kada ka kai kanka kusa da shi tun farko. Ja da baya, sa ƙofa ko mota ko katanga tsakaninku, kwashe mata da yara, ka sa ido a kansa daga nesa, sannan ka jira. Mutumin da ke tsaye shi kaɗai a tsakar gida, an ja ƙofar zaure, babu inda ake sauri a kai shi. Awa biyu ana lallashi ba asara ba ce. Gajiya za ta kama shi, ƙishirwa za ta kama shi, tsoron zai sauka in ya ga ba wanda ya afka masa. A ganina gaggawa ce ke kashe yawancin waɗanda ke mutuwa a irin wannan haɗuwa, son a gama cikin minti biyar a koma ofis.

Kada ki ɗauka kuma matsalar tamu ce mu kaɗai saboda talauci. Jaridar Washington Post ta ƙirga mutanen da 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira daga 2015 zuwa 2024. Kimanin mutum 1,000 ne a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar an samu alamar taɓin hankali a tare da shi. Da yawansu danginsu ne suka buga waya suna neman taimako. Haka ta faru a birnin Memfis a 1987: wata uwa ta kira 'yan sanda saboda ɗanta Joseph Dewayne Robinson, ɗan shekara 27, yana yankar jikinsa da wuƙa. Suka zo, suka ce ya ajiye, bai ajiye ba, suka harbe shi ya mutu. Mutumin da kansa yake cutarwa, aka kira a cece shi daga kansa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali a labarinki, fiye da kulkin: danne shi da aka yi rub-da-ciki. Ki karanta wannan da kyau ki kuma karanta wa mazan gidanku, domin ba 'yan sanda kaɗai ke yin sa ba, 'yan'uwa da maƙwabta ma suna yi, har da ma'aikatan asibiti. Mutumin da ya sha kokawa ko gudu, tsokokinsa sun tara asid a jini, kuma hanyar da jiki ke rage shi ita ce haki, numfashi mai zurfi da sauri. A wannan lokacin yana buƙatar numfashi ninkin-ba-ninkin abin da yake buƙata yana zaune. Sai a kifa shi a ƙasa. Cikinsa ya tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu, wanda shi ne ke sauka ya jawo iska. A murɗe hannuwansa ta baya, haƙarƙari ya kasa buɗewa. Wani ya ɗora gwiwa tsakanin kafaɗunsa, wani ya zauna a kan ƙugunsa. Iska tana shiga, amma ba ta kai abin da jikin ke nema ba. Sai ya fara fizge-fizge yana neman ɗaga ƙirji, masu danne shi su ce "har yanzu gardama yake yi", su ƙara nauyi. Ya ce numfashinsa zai ɗauke, a ce masa ai ga shi yana magana. Magana kuwa ɗan numfashi kaɗan ya ishe ta, ba ta nuna cewa jiki na samun rabonsa. Can sai ya yi laƙwas, a ce "yauwa, ya nutsu". Sau da yawa wannan nutsuwar, zuciya ce ta tsaya ko tana dab da tsayawa. Mai ƙiba, mai ciwon zuciya ko asma, wanda ya sha ƙwaya, wanda aka yi wa allurar barci, duk haɗarinsu ya fi yawa. Ba sabon ilimi ba ne: tun 1995 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta gargaɗi 'yan sanda cewa da zarar an sa wa mutum ankwa a ɗaga shi daga kan cikinsa.

Haka Olaseni Lewis ya rasu a Landan a 2010. Saurayi ne ɗan shekara 23, ya gama jami'a, da ƙafarsa ya je asibitin Bethlem neman magani. Bayan iyayensa sun tafi gida hankalinsa ya tashi, yana son fita, ma'aikata suka kira 'yan sanda. Jami'ai 11 ne suka yi ta danne shi har sama da rabin awa, da ankwa a hannu da ɗauri a ƙafa. Bai sake farfaɗowa ba, ya cika bayan 'yan kwanaki. Sai a 2017 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa ƙarfin da aka sa masa ya wuce kima kuma yana cikin abin da ya yi ajalinsa. Mahaifiyarsa Ajibola Lewis ta tsaya tsayin daka har majalisar Birtaniya ta yi doka a 2018 wadda ta tilasta wa asibitocin ƙwaƙwalwa rubuta duk lokacin da aka sa wa marar lafiya ƙarfi, ta kuma ce 'yan sandan da aka kira can su sa kyamara a jikinsu. Shekara goma bayan Olaseni, a watan Maris na 2020, Daniel Prude ɗan shekara 41 ya fita tsirara cikin sanyi a garin Rochester na jihar Niyok, ɗan'uwansa ya kira 'yan sanda. Ya bi umarni, ya kwanta, an sa masa ankwa. Duk da haka aka zura masa hular hana tofa yawu, aka danne kansa da kwalta kimanin minti biyu. Ya mutu bayan mako guda, likitan binciken gawa ya rubuta cewa shaƙewa ce sanadiyyar dannewa. An daɗe a can ana fakewa da wani ciwo da ake cewa wai haukan zafin jiki ne ke kashe irin waɗannan mutane farat ɗaya, ba dannewar ba. Ciwon ba ya cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2023 kuma ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka ta janye takardar da ta taɓa goyon bayansa, jihar Kalifoniya ta hana rubuta shi a matsayin sanadin mutuwa.

Kwana biyun da ya yi a bayan kanta ma ba ƙaramin ganganci ba ne. Ba duk wanda ya fita hayyacinsa ne ciwon hauka ke damunsa ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, sukari da ya sauka ƙasa, buguwa a ka, ruɗewar da ke biyo bayan farfaɗiya, daina giya farat ɗaya, duk suna sa mutum surutai da faɗa, kuma wasunsu suna kisa cikin awanni in ba a yi magani ba. Ɗan sandan da ke kan kanta ba shi da hanyar bambance su. Ko wanda aka san ciwonsa irin ƙanenki, bayan duka da kokawa yana buƙatar a duba shi a ranar. Dukan tsoka mai yawa yana iya toshe ƙoda, alamarsa fitsari ya yi duhu ko ya ragu. Ankwa mai matsewa tana taɓa jijiyar wuyan hannu, sai bayan babban yatsa ya mutu, wani lokaci har watanni. In bai faɗa wa likitansa waɗannan ba, ki sa a duba.

Batun doka kuwa, ta ba su damar kama shi, ba ta ba su damar yi masa abin da suka yi ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda a tsare mai taɓin hankali, amma don a kula da shi, a yi masa magani, ko a kare jama'a. In kuma laifi ake tuhumarsa da shi, sashen ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci ga kowa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ce ba a sa wa wanda aka kama ankwa ko ɗauri sai in ana tsoron zai yi faɗa ko ya gudu, ko don kare lafiyarsa, ko da umarnin kotu. To, mai wuƙa a hannu za a iya kare sa masa ankwa. Dukan wanda ya riga ya faɗi, wuƙa ta fita daga hannunsa, ba shi da mafaka a doka. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25. Ita kanta rundunar, a umarninta mai lamba 237 da aka sabunta a 2019, ta taƙaita harbi ga lokacin da rai ke cikin haɗari nan take ko ake fuskantar mummunan rauni.

Amma in za mu faɗi gaskiya, an bar wa 'yan sanda aikin da ba nasu ba ne. Fiye da shekara 60 Najeriya ta yi tana tafiya a kan dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, kuma ruhinta shi ne a tsare, ba a warkar ba. A ƙarƙashinta ne aka riƙa samun mutane a gidajen yari shekara da shekaru ba tare da sun aikata laifin komai ba, dangi sun gaji sun miƙa su. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar ta canja a takarda, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Asibitocin da muke da su a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, ba su da tsarin tura ma'aikata gida da tsakar dare. Ƙarfe biyun dare, ofishi ɗaya ne a buɗe a unguwa kuma yana da mota. Shi ya sa maƙwabtanku suka kira su. Ƙari a kan haka, sashe na 231 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, wato marar lafiyar da ya fi kowa buƙatar likita shi doka ke miƙa wa ɗan sanda. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma ya kamata mu ma mu soke.

Mutuwar Robinson ce ta sa birnin Memfis ya ƙirƙiro wani tsari a 1988: a zaɓi wasu 'yan sanda masu sanyin rai, a ba su horo na awa 40 tare da likitoci da iyalan marasa lafiya, su ne za a riƙa turawa, kuma a tanadi asibitin da zai karɓi mutum ba tare da jan rai ba. Tsarin ya bazu a Amurka. Bincike ya nuna yana gyara fahimtar jami'ai, yana kuma ƙara yawan waɗanda ake kai wa asibiti maimakon kurkuku, amma bai tabbatar da cewa ya rage kisa ba. Horon mako ɗaya ba ya goge ɗabi'ar shekara goma. A birnin Louisville na Amurka an koya wa dukkan jami'ai dabarar ja da baya da jan lokaci, masu bincike suka ga amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100. Wasu garuruwa kuma suka cire ɗan sanda daga lissafin in ba makami. A Eugene na jihar Oregon daga 1989 zuwa 2025 an riƙa tura ma'aikacin jinya da mai ba da shawara a mota, ba bindiga, kuma ƙalilan ne daga kiraye-kirayensu suka buƙaci a nemi 'yan sanda. Birnin Denba ya fara irin haka a watan Yunin 2020, a wata shidan farko suka amsa kira sama da 700, ba a kama ko mutum ɗaya ba. Abin da za mu iya a nan bai kai wannan tsada ba. Kowane DPO ya samu lambar nas ɗin ƙwaƙwalwa ɗaya da zai kira, a sa doka a ofis cewa marar lafiya asibiti ake wucewa da shi ba bayan kanta ba, a kuma hana dannewa rub-da-ciki. Waɗannan ba su buƙatar kasafin kuɗi, umarnin kwamishina kawai suke jira.

Kada kuma tsoron 'yan sanda ya tura ku ga abin da ya fi su muni. 'Yan banga da samarin unguwa da gora ba su da horo ko na awa ɗaya, kuma ba wanda zai tuhume su. Gidan mari ma ba mafita ba ne. A watan Satumban 2019 an fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala. Addu'a da ruƙiyya ba sa faɗa da magani, ku yi su, amma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti ko a doke shi don aljani ya fita, ku ɗauke ɗan'uwanku daga gabansa.

Aikinku na gaske yanzu ne, da yake lafiya lau. Ki zauna da shi ki tambaye shi dalilin da ya sa ya bar maganin, ba da faɗa ba. Da wuya ka ga an bari haka kawai. Ko dai yana sa shi sandarewar jiki da karkarwa da dalalar miyau, ko yawan barci, ko ƙiba, ko raunin mazakuta da yake jin kunyar faɗa, ko kuɗin ya gagara, ko wani ya ce masa ai ya warke. Kusan duka likita zai iya gyarawa, ya rage ko ya canja. Ku tambaya ko zai dace da allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu, wadda ke ɗauke wahalar haɗiyar ƙwaya kullum. In yana taɓa wiwi ko tiramol ko kodin, a faɗa wa likita ƙarara, domin barin magani haɗe da shaye-shaye shi ne abin da ya fi kai marar lafiya ga ɗaukar makami. Ku san alamominsa na farko. Ciwon ba ya faɗowa rana ɗaya: barci ne ke fara ɗaukewa, sai kulle kai a ɗaki, sai zargin abinci, sai magana shi kaɗai. Dare biyu ko uku ba barci, ku kama hanyar asibiti, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati, ku kuma kawar da wuƙaƙe da adda da taɓarya ba tare da ya ga ana yi ba. Ki haɗa katin asibiti da sunayen magunguna da lambar likita ko nas a leda ɗaya, a ajiye inda kowa ya sani. Sannan mahaifinku ko wani babba ya ɗauki mai unguwa su je su gaida DPO da rana tsaka, su nuna masa katin, su ce muna da marar lafiya, in an kira ku gidan nan ku san ba ɗan daba ba ne. Maƙwabta ma a roƙe su su fara kiranku kafin su kira kowa.

In ya tashi duk da haka, abu na farko a kori 'yan kallo. Taron jama'a a zaure da kan katanga, yara na ihu, wasu na ɗauka a waya, shi ke mayar da ƙaramin abu babba. Mutum ɗaya ne zai yi magana, wanda ya fi yarda da shi, ko mahaifiya ce ko aboki ko kawu. Ya tsaya nesa, ta gefe, hannuwansa a bayyane, kada ya tare masa ƙofa, kada shi ma ya bari a ritsa shi a lungu. Ya kira shi da sunan da ake kiransa a gida, da murya ƙasa-ƙasa, magana gajera, ya jira amsa ko da za ta ɗauki minti guda. Kada a yi masa musu cewa babu wanda ke binsa, kada kuma a gaskata masa. A ce: "Na ga kana jin tsoro. Ni ce, ba wanda zai taɓa ka ina nan." A ajiye masa ruwa a ja baya. Maimakon "ajiye wuƙar nan", a ce "ɗora ta kan taga inda kake ganinta, mu yi magana". Kada a yi masa alkawarin ƙarya, domin gobe ma za ku buƙaci ya yarda da ku.

In ta kama sai an kira 'yan sanda, ke ko wani na gida ya kira, ta lambar DPO ko 112 a inda take aiki. Kalmar farko ta zama "marar lafiya ne, yana da katin asibiti, so muke a taimaka mu kai shi asibiti". Ki faɗi gaskiya game da wuƙar, ki faɗi inda yake da wanda ke kusa da shi, ki roƙi kada a sa jiniya. Wani dattijo ya tare su a waje kafin su shiga, ya nuna katin, ya nemi babbansu, ya roƙi masu bindiga su tsaya a ƙofa. Mota ta kasance a shirye, an kuma riga an sanar da asibiti. In dole sai an riƙe shi, bayan wuƙa ta bar hannunsa, mutum biyar ake so: ɗaya a kowane hannu da ƙafa, na biyar yana tallafe da kansa yana kallon fuskarsa yana yi masa magana. A rigingine ko a gefe, ba a kife ba. Ba a taɓa wuya, ba a hawa ƙirji ko baya ko ciki, ba a toshe baki da tsumma. In ya ce numfashi, ko leɓensa ya canja, ko ya yi shiru farat ɗaya, a sake shi nan take a duba. Ki ɗaga murya ki faɗi wannan ko da kaki ne a kansa, kuma wani na gida ya shiga motar tare da shi.

Game da abin da ya riga ya faru, kuna da damar kai ƙara. Ku nemi likitan da ya karɓe shi ya rubuta rahoton raunukan, ku adana hotuna, ku rubuta rana da lokaci da sunayen waɗanda suka gani tun ba a manta ba. Za ku iya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda na jiharku, ko sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na rundunar, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda ke da ofis a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi. In an karɓi kuɗin beli a hannunku ku sa a cikin takardar. Sai dai ku shawarci shi mai abin in ya samu sauƙi, domin jikinsa ne aka daka, kuma wasu maimaita labarin yana tayar musu da ciwo. Ki faɗa wa likitansa dalla-dalla yadda kamun ya kasance. Wanda aka danne haka yakan daɗe yana firgita da kaki da ƙarar mota, yana mafarkin abin, wani ma ya ƙi asibiti gaba ɗaya don yana ganin da bakinku aka yi masa. Wannan ma ana yi masa magani, amma sai likita ya san da shi.